Telefirik ɗin Alhaji Idi, Daga Tawa Zuwa Tebaram

Fita daga Tawa

Ladan bai gama kiran assalatu ba na ji hon a ƙofar gida. Alhaji Idi ne, taubashina, ɗan gwaggona, ya zo da bashen haya, irin akori-kurar nan mai rumfar tanti. Shekarar da darajar sefa ta faɗi ce, mu malaman lakwal, wato makarantar boko, muna yajin aiki, tukunya ta huta a gidana. Da ya ce in raka shi yawon ƙauyuka in riƙe masa wani zane na takarda, abu ɗaya na tambaya: akwai abinci a hanya?

Ga abin da ya fitar da mu. Alhaji ya daɗe yana aikin gini a Alje, babban birnin Aljeriya, can ya ga wata mota da ba ta taka ƙasa. Akwatuna ne rataye a igiyar ƙarfe, suna ɗaukar mutane daga gindin tudu zuwa samansa, ana ce mata telefirik. Ya dawo ya rantse sai an yi wa Tawa irinta, ta tashi daga kasuwa ta tsallake tabki ta sauka unguwannin tudu. Ya sayar da garkar albasarsa ya biya wani injiniya a Yamai ya zana masa ita. Yanzu so yake jam'iyyarsu ta tsayar da shi depite, wato ɗan majalisa, kuma ba za ta tsayar da shi ba sai wakilan ƙauyuka sun ɗaga masa hannu. In ba su ɗaga ba, babu garka, babu kujera, sai takarda.

Na ukunmu Gado ne, sanƙira. Babban mutum ba ya ɗaga murya a taro, yana magana ƙasa-ƙasa, sanƙira ya ɗauka ya jefa wa jama'a. A shingen bakin gari wani jandarma ya warware zanen, ya juya shi sama ya juya ƙasa, ya ce, "Ina tayoyin?" Alhaji ya gyara murya zai fara bayani, jandarman ya ɗaga mana sanda da sauri.

Kalfu

Mun isa da hantsi, aka tarbe mu da fura mai kauri, na sha tawa na taya Alhaji tasa. Aka shimfiɗa tabarmi a inuwar gawo. Ni na ja gefe can bayan taro, na rasa inda zan baje zanen saboda awaki, shi ya sa muryar Gado kaɗai nake ji sosai, kamar sauran jama'a.

Alhaji ya ce zai kawo telefirik. Gado ya cika ƙirji ya ce, "Alhaji ya ce za ya kawo muku Tele Afirik."

Tele kuwa a wajenmu ita ce talabijin. Alhaji ya ce za a kafa dogayen ƙarafa masu kai wa sama. Gado ya ce, "Da eriyarta, har sama." Alhaji ya ce akwatuna ne, mutum shida a cikin kowane. Gado ya ce, "Akwati da mutane ciki, ba guda ba ba biyu ba." Alhaji ya ce kana zaune kana hango ko'ina. Gado ya ce, "Kana zamne kana kallon duniya duka."

Wani dattijo ya tambayi kuɗinta. Alhaji ya ce maganar miliyar ake yi, wato miliyan dubu, wannan ma kafin sefa ta faɗi, yanzu sai a ninka, don ko ƙusa ɗaya daga waje za a sayo. Gado ya ce, "Ba irin ta gidan sarkin kasuwa ba ta, wagga ta miliyar ta." Mata suka saki guɗa. Alhaji ya dube ni daga nesa yana murmushi, wai in ga yadda talakawa suka fahimci ci gaba. Ni kuwa dariya ta ci ƙarfina har na zauna a kan zanen.

Bambeye

Sai da muka sake ratsa Tawa muka miƙa Bambeye, na bari Alhaji ya ci kilishinsa ya ƙoshi, sannan na faɗa masa a gaban mota.

"Alhaji, ka san mi kake raba ma mutane? Tele."

Ya ce in daina wasan taubasantaka. Na maimaita masa maganar Gado ɗaya bayan ɗaya. Ya leƙa baya ya tambayi Gado, Gado ya ce, "Ranka shi daɗe, ba abin da ka hwaɗi ke nan ba?" Alhaji ya cire hula ya riƙe ta a hannu har muka ci rabin hanya.

Na ce, "Ni dai in ni na, shiru nike yi. Hannu suka ɗagawa, ba kunne ba. In ka hau kujera ka yi musu bayani."

Tsokana nake yi, amma ya ɗauka. A Bambeye ya gajarta jawabi, ya bar Gado ya yi ta zuba. Har wani ya tambaya ko ana kama kokawa a ciki, Alhaji ya duƙar da kai ya ce, "In Allah ya so." Mai masaukinmu ya yanka mana zabi, aka yi tuwon hatsi. Alhaji ya taɓa ya bari, ni ban bar komai ba.

Tebaram

Hanyar Tebaram rairayi ce, sau da yawa muna sauka mu tura. Labari ya riga mu zuwa ta bakin 'yan kasuwa. Mun tarar an kafa sabuwar rumfar zana a tsakiyar gari, an gina ɗan dakali na laka a ciki, an shafe shi sumul, wai nan za a ɗora tele. Na raɗa wa Alhaji cewa aikinsa ya fi na gwamnati sauri, tun ba a zaɓe shi ba an fara gini. Bai yi dariya ba.

Gado ya fara, taro yana amsawa. Ana cikin haka wata tsohuwa ta ratso maza da sandarta, ta tsaya gaban Alhaji, ba ta bi ta bakin sanƙira ba.

"Ɗana, sun ce Afirik duka aka gani ciki. Abijan na ciki?"

Alhaji ya ce, "Mi kika nema Abijan, Inna?"

"Ɗana Mamman. Ya tai biɗar kuɗi tun shekarar hwara, ba saƙo. Ba sai ya yi magana ba. In gane shi dai ya wuce, in san ƙahwahunai na ɗauka tai."

Na san abin da taron bai sani ba. Gwaggona, gyatumar Alhaji, ta rasu yana Alje, sai da ya dawo aka nuna masa kabari. Gado ya buɗe baki zai amsa, Alhaji ya riƙe masa hannu, ya miƙe tsaye, ya yi abin da babban mutum ba ya yi, ya ɗaga muryarsa da kansa.

"Jama'a, ba tele ba ta. Mota ta, ta igiya, kuma a Tawa za a yi ta, in an samu kuɗin. Inna, ba a ganin Abijan ciki. Ba a ganin kowa."

Ya sa na baje zanen a kan dakalin nan. Mutane suka leƙa, suka ga ƙarafa da layuka, suka fara tuna suna da aiki a gida. Wakilin jam'iyya ya ce zai je ya dawo, har yau bai dawo ba. Tsohuwar ce ta rage. Ta daɗe tana kallon takardar, ta ce, "To, Allah shi ba ka igiyarka." Ta kwance gefen zaninta ta miƙa masa cuku ɗaya, ta ce, "Kai da ka komo, ka iske taka uwar?"

Alhaji ya girgiza kai. Ta dafa kafaɗarsa, ta juya ta tafi. Ni mai tsokana, tausayinsa ya kama ni ƙwarai.

Komawa gida

Kafin mu kai Tawa gyaran maganar ya isa Bambeye da Kalfu, ta bakin 'yan kasuwar da suka kai ta farko. Mun shigo gari da la'asar. Ranar taron jam'iyya ba a tsayar da Alhaji ba, ya koma dillancin albasa a kasuwa, yana ɗaure buhunan wanda ya sayi garkarsa. Duk direban da zai yi kudu da kaya, sai ya tare shi ya ce in ya kai Abijan ya tambaya masa wani Mamman na Tebaram.

Ina gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya, da mutanen Kalfu da Bambeye da Tebaram da suka ciyar da malami mai yunwa. Gado ma na gode masa, ko da yake har yanzu ya tsaya a kan cewa shi abin da ya ji ya faɗa.