Mai Awarar Itoman da Bai Iya Faɗuwa Ba

A garin Itoman, in ka tambayi gidan Seitoku Ganeko sai a tsaya tunani. Amma ka ce mai awara mai ƙullutun hannu, nan take za a nuna maka ƙofar. Tun yana saurayi yake niƙa waken suya, ya dafa, ya zuba ruwan teku don ya kama, ya raba wa shaguna da zafinta kafin hantsi. Da yamma kuma ya tuɓe riga ya tsaya gaban wani turken katako da ya kafa a bayan gida, wanda ya naɗe wa igiyar ciyawa, ya yi ta kirɓarsa har gaɓoɓin yatsunsa suka kumbura suka taurare kamar ƙwallon goriba. Karate ke nan irin ta mutanen da, wadda ba ruwanta da gasa ko kofi. Bai taɓa buɗe makaranta ba, bai kuma taɓa dukan kowa ba. Abin taƙamarsa ɗaya ne: tun da ya yi wayo, bayansa bai taɓa ƙasa ba sai in barci zai yi.

Haka malaminsa ya gina shi. A karkato yatsun ƙafa ciki, a damƙi ƙasa da su, a ɗaure jiki tamau, malam ya zagayo ya kai maka mari a kafaɗa da shuri a cinya, kai kuwa ko gezau. A wurinsu wanda ya faɗi ya gama.

Maƙwabcinsa Saje Yonaha, tsohon ɗan sanda, shi kokawar judo ya yi duk rayuwarsa. Tun suna makaranta suke gardama ɗaya, har gashinsu ya yi fari ba su sake ta ba. Ni dai ban ga ranar da ɗayansu ya kawo sabuwar hujja ba. Kullum kan benci ɗaya, da butar shayi ɗaya.

"Ku fa faɗanku da itace ne," in ji Saje. "Turke ba ya ramawa, shi ya sa kuke ƙaunarsa."

"Ku kuma fa?" in ji Seitoku. "Ƙarti da ku, kuna rungumar juna kuna birgima a tabarma kamar 'yan kwikwiyo."

"Mai awara, ba za ka gane ba. In aka tura ni, in ja. In aka ja ni, in tura. Ƙarfin mutum ne ke kayar da shi, ni rakiya kawai nake yi masa."

"Ni ba a tura ni. Duka ɗaya, an tashi wasa."

"Wa ka taɓa yi wa dukan ɗayan?"

"Don an san ina da shi ne ba a nema ba."

Bakinsu ba ya zuwa ɗaya sai a kan matan da ke taruwa da safe a filin unguwa suna yin motsa jiki irin na mutanen Sin, wanda ake ɗaga hannu sannu sannu kamar ana tsoron tayar da jariri. Shizu, matar Seitoku, tana cikinsu. In ta dawo ta tarar suna yi musu dariya, sai ta ajiye jakarta ta ce, "Ku yi ta yi. Ɗaya yana jiran wanda zai doka, ɗaya yana jiran wanda zai kayar, kun tsufa ba wanda ya zo. Mu numfashinmu muke gyarawa, kuma kullum muna samunsa."

Sai tsufa ya zo, bai kuwa fara da masu gardamar ba. Shizu ce ta fara manta tukunya a wuta, daga nan hanyar gida, daga nan sunan 'yarsu Mieko. Seitoku ya rufe sana'a. Shi ke yi mata wanka, shi ke ba ta abinci a baki, shi ke bin ta in ta fita neman uwarta da ta daɗe a ƙasa. Fuskarsa ma ta ɓace mata. Akwai ranakun da za ta kalle shi ta fasa ihu, wai ƙato ya shigo mata ɗaki. Abu ɗaya ne bai ɓace ba. In ya miƙa mata hannu ta shafa ƙullutun nan, sai jikinta ya saki, ta ce, "Au, mai awara ne." Ya gaji, gajiya irin wadda barci ba ya maganinta, amma bai faɗa wa kowa ba.

Wata safiya ya fito da kwandon wanki, santsin bakin ƙofa ya kwashe shi. Jikinsa ya yi abin da aka koya masa, ya ɗaure tamau, ya tafi a sandare, ya tari ƙasa da dunƙulallen hannu. Wuyan hannun hagu ya karye. Mieko ta zo daga birnin Naha, idanunta jawur.

"Baba, ina da aiki, ina da 'ya'ya, ba zan iya ɗaukar ku biyu ba," ta ce. "Wannan karon na bari. In ka sake faɗuwa, daga kai har Mama sai gidan kula da tsofaffi."

Ya san gidan. Maza a ɓangare ɗaya, mata a ɗaya, ba a haɗuwa sai da la'asar a babban falo. Ya rasa wanda zai miƙa wa Shizu hannu in ta farka a firgice.

Da aka cire masa ɗaurin, ya haɗiye girman kansa ya je zauren unguwa inda Saje ke koyarwa. Ya tafi da baƙar ɗamararsa ta ƙwararrun karate, wadda tsufa ya mayar ruwan toka. Saje ya dube ta, ya buɗe akwati ya ɗauko fara sabuwa fil.

"Haba Saje. Ni?"

"Ba ni na kafa dokar ba, mutumina. Wanda ya shigo sabon fanni da fara yake farawa, ko jikan wa ne. Wurin zamanka kuma can ƙarshen sahu."

Ya ɗaura. Ya je ya durƙusa a bayan wata mai shagon magani da ta fara zuwa watan jiya. Saje bai yi dariya ba, abin da ya fi yi wa Seitoku ciwo ke nan.

Ashe a judo, kafin a koya maka kayar da kowa, faɗuwa ake fara koya maka. Haɓa a ƙirji don kada ƙeya ta bugu, baya a lanƙwashe, sannan ka mari tabarma da dukan hannu, ƙarfin faɗuwar ya fita ta nan. Abu mai sauƙi a baki. Jikin Seitoku kuwa ya ce bai san zancen ba.

"Saki jikinka! Kai, wannan ba mutum ba ne, ƙyauren shago ne. Sake!"

Ya sake. Ya koma gida da tsamin jiki, ya dafa wa Shizu miya, ya wanke zannuwa, washegari ya dawo. Damina ta wuce, sanyi ya shigo ya fita, sai ga tsoho yana gangarawa ya mari tabarma tas, ya miƙe. Ko sau ɗaya bai ce Saje ya yi gaskiya ba.

Lokacin ziyarar kabari ya zo, da dangi ke ɗaukar akwatunan abinci su je gaban kabarin kakanni su shimfiɗa tabarma, a miƙa wa matattu rabonsu, rayayyu su ci saura. Mieko ta ce a bar Mama a gida. Seitoku ya ce Shizu ba ta taɓa fashin gaida surukanta ba, ba kuma bana za ta fara ba. An kwana ana ruwa, matakalar dutsen da ke hawa kabarin ta yi gansakuka. Yana riƙe da ita a dama, suna hawa ɗaya bayan ɗaya, sai ƙafarta ta zame, ta taho da shi baya.

Yatsun ƙafarsa suka nemi damƙar ƙasa, gansakuka ta hana. Saura dabarar Saje, ita kuwa tana buƙatar hannu a sake, hannayensa kuma Shizu ce a ciki. Bai sake ta ba. Ya jawo ta kan ƙirjinsa, ya sa haɓa ƙasa, ya lanƙwashe baya, ya tafi. Kansa bai taɓa dutse ba. Ƙashin ƙugunsa ne ya karɓi nauyin mutum biyu, kowa a wurin ya ji ƙararsa. Shizu ko ƙwarzane ba ta yi ba.

Saje ya same shi a asibiti, ya zauna yana juya hularsa a hannu.

"Ina marin ƙasar da na koya maka?"

"Da wane hannun? Faɗuwar mutum ɗaya ka koya mini, Saje. Ba ka koya mini ta mai mata ba."

Saje ya ajiye hular. "Babu ita a cikin namu," ya ce.

"Mu ma babu."

Mieko ta cika maganarta, ba kuwa wanda ya ga laifinta. Aka rufe gidan Itoman, turken bayan gida ya zauna shi kaɗai. A gidan tsofaffi Seitoku ya samu gado kusa da taga da keken guragu, da hutun da ya daɗe yana bukata, bai kuma ji daɗinsa ba. Bayan 'yan watanni ya lura fatar gaɓoɓinsa tana laushi, kantar tana saɓulewa. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba. Ya aika Saje ya kawo masa farar ɗamarar nan, ya naɗe ta a ƙarfen gadonsa. Kowace safiya, daga zaune, yake dukanta da ɗan ƙarfin da ya rage masa. Ma'aikata sun yi magana har sun gaji sun ƙyale shi.

Rannan da la'asar aka turo Shizu falo. Ta kalle shi kallon baƙo, ta fara ja da baya a kujerarta. Ya miƙa mata hannun dama. Ta kama, ta daɗe tana lalubawa.

"Mai awara," ta ce, "ina ka shiga tun safe?"

"Ina nan," ya ce. "Aiki ne ya riƙe ni."