Murhun da Ke Cika Aji

Jiya na kai 'yata tsohuwar makarantarmu a unguwar Maamobi, sai na tsaya cak. Murhun Kaka, tsohuwar da ke dafa mana abincin rana, ya zama juji, aji kuma rabinsa wayam.

Na tambayi malamin ajin: "Malam, ina yaran?"

"Suna dako a kasuwa. Tun rasuwar Kaka ba wanda ya ɗora tukunya."

Ƙamshin shitonta, soyayyen yajin nan nata, ya dawo mini. Kafin ta zuba maka shinkafa da wake, sai ta juya tafin hannunka, in ba ta ga ƙurar alli ba ta ce: "Ina alli? Koma ka yi rubutu, ɗana, naka na nan da zafinsa."

Allah ya ciyar da ita a Aljanna, ya hana mu sukuni sai murhun nan ya sake hayaƙi.