Tutar Jamhuriyar Tuwo

Ban taɓa mantawa da wata Alhamis ta ƙarshen Sha'aban ba, shekarata ta farko da zama mushrif, wato mai duba aiki, a maɗaba'armu ta unguwar Zahir. Ku sababbi ku gane: mai zane ya zana, mushrif ya duba burufa, wato samfurin aikin, ya sa hannu, sannan inji ya buga. Wanda ya sa hannu shi ke ɗaukar laifi.

Kawu Idi, abokin mahaifina, shi ya kawo aikin. Duk shekara kafin azumi dattawan unguwar Ka'akiyya sukan kama istiraha, wato gidan shaƙatawa, su yi Sha'abana, a ci a sha. Tsabar barkwanci suka ƙirƙiro ƙasarsu ta yini ɗaya, Jamhuriyar Tuwo, har da shugaba da ministan miya. A shekarar suka ce sai da tuta. Kawu ya ce kore yake so, launin miyar kuka, sunan jamhuriyar da farin rubutun Larabci, muciya a kwance a ƙasa. Na duba burufar a waya, haruffa daidai, na yi dariya na sa hannu.

Bayan azahar mudir, wato manajan maɗaba'ar, ya kira ni. Ya liƙa kwafin a bango, ya ce, "Ya Garba, koma bakin ƙofa ka duba." Na ja da baya. Innalillahi! Koren ƙyalle, farin rubutu, wani abu dogo a ƙasa. Daga nesa tutar ƙasar nan ce sak, mai kalmar shahada, an sa muciya a gurbin takobi.

"Hoto ɗaya ya fita, an rufe shagon nan," in ji mudir. "Kuma hannunka ne a kai."

Ga shi Kawu ya riga ya karɓi tutar, kuma ranar ce Sha'abanar tasu. Na kira shi sau biyar, bai ɗauka ba, sai na nufi istirahar. A mota na tuna abin da ya fi muni: al'adarsu, da la'asar ake juyin mulki, a tuɓe shugaba. Kawu ya faɗa mini da bakinsa cewa bana tutar za su sauke su shimfiɗa a ƙasa su ci tuwo a kai.

Tun daga kwanar titi na hango ta a saman katanga tana kaɗawa. Na shiga ana shewa, wani dattijo ya riga ya kama igiya, wayoyi a sama.

"Ku tsaya, don Allah!"

Kawu Idi, shugaban ƙasa da hular kwali, ya ce, "Kai Garba, sojan haya suka ɗauko ka?" Aka fashe da dariya. Ni ko murmushi na kasa. Na ce, "Kawu, yalla, mu je waje minti ɗaya."

Na tsallaka da shi titi, na juya shi. Ya ɗaga kai. Sai ya cire hular kwalin.

"Tun ina goye nake garin nan, ban taɓa taka ofishin 'yan sanda ba," ya ce a hankali. "Yau tuwo ne zai kai ni?"

Da kansa ya sauke ta, da hannu biyu, bai bar gefenta ya taɓa ƙasa ba. Ya bi mutane ɗaya-ɗaya, kowa ya goge hoto a gabansa. Duk da haka azumin shekarar nan, ko waya ta yi ƙara sai gabana ya faɗi. Allah ya rufa asiri, babu wanda ya zo.

Babu mai mugun nufi a cikinsu, dattawa ne masu son dariya. Amma mai wucewa ba ya karanta nufi, ba ya ma karanta haruffa, launi da siffa yake gani. Shi ya sa kuke ganina ina kwasar burufa in tsallaka titi cikin ranar nan, kuna cewa mushrif ya fara taɓuwa. Ku yi ta dariya. Ni dai ba na sa hannu sai na tsaya inda baƙo zai tsaya.