Datti Ya Kai wa Littafi Goro

Datti mijin yayata ne, marigayiya Iyatu, don haka ina da ikon in faɗi abin da na ga dama a kansa, shi ma ya sani. Gonarsa tana can ƙarshen kanal, wato magudanar ruwan noman rani, a wajen Bunkure, inda ruwa ba ya zuwa sai kowa ya gama sha ya ƙoshi. Shekara talatin yana noman rani a wurin: tumatir, albasa, wani lokaci alkama. Shekara talatin kuma yana mita.

Ita Iyatu ba ta mita. In ya dawo yana huci wai mutanen saman kanal sun toshe masa hanyar ruwa, sai ta ajiye masa kwano ta ce, "Ci abinci, Malam. Sai ruwa ya iso." In yaro ya matsa a saya masa takalmi, sai ruwa ya iso. Har ni da nake ƙanwarta, da na dame ta da zancen keken ɗinki, amsar da na samu ke nan.

Abu ɗaya kuma da ya kamata ku sani: tunda nake ban taɓa jin Datti ya kira sunan matarsa ba. Irin mutanen da ne, kunya ta yi masa katutu. "Ke" yake cewa in tana kusa, "mutanen gida" in tana nesa. Na sha tsokanarsa in ce, "Yaya Datti, wa ya dafa wannan?" Sai ya ce, "Wadda kika sani."

Bayan rasuwarta, a shekarar 2004, sai ga Datti da littafin rubutu irin na 'yan firamare. Ashe bokon da ya koya a ajin yaƙi da jahilci bai zube ba. Yana zama a bakin fangali yana jiran ruwa, yana rubuta waƙoƙi. Akwai ta tsutsar tumatir, akwai ta mutanen sama masu toshe hanya, wadda ya zage su tas ba tare da ya kama suna ba. Sauran duk na mace ɗaya ne, ita ma ba suna. A bangon ya rubuta da manyan baƙaƙe: Sai Ruwa Ya Iso.

Ya kai wa Lukmanu, mai injin buga takardu a Kura, wanda aikinsa katin biki da kalandar makarantun Islamiyya. An fara aiki ke nan na ɓata komai. Ni ma'abociyar littattafan soyayya ce, ba na ɓoyewa, haya nake ɗaukowa. Ran nan mai haya ya miƙo mini sabo, na duba bango, ga hoton budurwa ta yi tagumi, ga suna: Sai Ruwa Ya Iso. Wata Khaulat ce ta rubuta, a Kumbotso.

Na kai wa Lukmanu, yana gani ya kashe inji. Ya ce shi ba zai shiga rigimar haƙƙin mallaka ba, marubutan birni suna da ƙungiya, suna da lauya, a canza suna kawai. Har ya kawo shawara wai a sa "Noma Da Ni". Datti ya dube shi kamar ya ce a canza wa ɗansa uba.

"Wanne ne ya riga fitowa?" in ji Datti.

"Nata, da wata biyar," in ji Lukmanu.

"To ai takwara ne. Nawa ne ƙarami. Laifina ne da ban je na gaida babba ba."

Na yi dariya har da riƙe ciki. Shi kuwa ko a jikinsa. A wurinmu in ka sa wa ɗa sunan wani, kai za ka je da goro ka sanar, shi kuma ya sa albarka ya yi wa takwara kyauta. Datti bai ga abin da ya raba littafi da ɗa ba. Ya sayi goro fari, ya cika kwando da tumatir, ya ce in shirya in raka shi tunda gidan mata za a shiga.

Muka sami gidan da tambaya. Babbar takwarar da Datti ya sa babbar riga dominta yarinya ce 'yar shekara ashirin da uku, malamar firamare, da alli a hannunta. Ta shimfiɗa mana tabarma a zaure. Datti ya tura goro gabanta, ya gyara murya ya ce, "'Yata, an samu ƙaruwa, an kuma yi miki takwara. Na zo neman afuwa da albarka."

Ta dube ni, ta dubi tumatir. Ni na fassara mata. Da ta gane, ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa don dariya.

"Baba, ai ba ni da ikon hana ka," ta ce. "Na taɓa tambaya a taronmu na marubuta. Abin da ke cikin littafi shi ne nawa, sunan kawai ba a riƙe shi. Damuwa ɗaya ce: yarinya ta aiko a sayo mata nawa, a kai mata waƙar tsutsa."

"Tsutsar ma tana da darasi," in ji Datti.

Ta tambaye shi inda ya samo sunan. Ita dai, ta ce, daɗinsa ta ji ta sa. Datti ya sunkuyar da kai ya ba ta labarin kwano da takalmi da ƙarshen kanal, yana ta "mutanen gida", "mutanen gida". Dariyar ta bar fuskarta. Ni ma, gaskiya, na ji kewar yayata ta taso mini.

Ta tashi ta shiga ciki, ta dawo da littafinta ɗaya da sabon biro, ta ce ga kyautar takwara. Sannan ta ce, "Baba, ka bar sunan yadda yake. Amma ka ƙara layi a ƙasa don a bambanta. Ka sa: Maganar wance. Ya sunanta?"

Datti ya waiwayo ya dube ni. Na kau da kai ina kallon bango. Ya taɓa ni da gefen sandarsa, na ce, "Ni ma na manta, Yaya Datti. Wadda ka sani ce."

Yarinyar ta buɗe biro tana jira. Ya share gumi, ya gyara hula, ya dubi kwandon tumatir kamar shi zai cece shi. Sai ya ce a hankali, "Iyatu."

"Ban ji ba, Baba."

Wallahi ta ji. Ya sake faɗa, da ƙarfi wannan karon.

Lukmanu ya buga kwafi ɗari biyu, yawancinsu kyauta Datti ya raba a bakin kanal. Har yau in wani ya tambaye shi sunan littafin, ba ya tsayawa a rabi. Yana karanto shi duka, har layin ƙasa.