Baiwa, Mai Tsayawa a Ƙarshen Layi

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, 12 ga Maris, 1991, Allah ya karɓi ran Baiwa, magajiyar matan da ke zaman kansu a bayan tashar motar Argungu, bayan doguwar jinya.

Baiwa, ni malamar asibiti ce, na shiga gidanki ina ɗaure fuska, kika shimfiɗa mini tabarma. Ranar na tarar da wani mai allura yana yi muku abin da kuke kira wankin jini, wai rigakafin ciwon sanyi. Mata goma sha biyar a jere, allura ɗaya tak. Ke ce ta ƙarshe, kullum haka kike, don babba ba ya ci sai yara sun ƙoshi.

Da na gaya miki ƙanjamau na bin allura kamar yadda yake bin shimfiɗa, sai kika ce, "Ɗiyan mutane na, Malama. Mi zan hwaɗa ma uwayensu?" Ba ki tambayi lafiyar kanki ba.

A satin kika kori mai allura. Kika kafa doka, baƙon da ya ƙi kororon roba ya kama gabansa, ko direban wace mota ne. An zage ki, wasu 'yan gidan sun yi fushi, kika toshe kunne. Kowace Alhamis kina tasa su gaba zuwa asibiti, ta babbar ƙofa, rana tsaka, ki tsaya a bayansu.

Na zo miki a makare, Baiwa. Wannan yana cina har yau. Da kika kwanta, tsorona ɗaya, kada ƙafar matan gidan ta ɗauke daga asibiti, don na ji mai allura ya dawo gari.

To, Alhamis ɗin nan sun zo, babu wadda ta ɓace. Asiya, wadda ta fi kowa yi miki gardama, ita ta taso su. Na kira ta ta shigo, ta ce sai yara sun gama.

Allah ya jiƙanki, ya yafe kurakuranki, ya sa jinya ta zama kaffara. Ina yi wa wanki Dikko na garin Gulma ta'aziyya, da 'ya'yan da kika bari a bayan tasha. Allah ya ba mu haƙuri, amin.