Fiton Na'urar Baba a Ƙarƙashin Rawani

Mun tashi da asuba ranar Alhamis daga ƙauyenmu da ke bayan Malumfashi, ni da mahaifina, limamin Juma'armu. Tun da aka sa masa na'urar ji a kunne take yin fito a tsakiyar salla, lasifika ta ɗauka, 'yan sahun baya su yi ta tarin ƙarya don ɓoye dariya. Dattawa sun yanke cewa in aka sake gobe, na'ibi zai karɓi limanci.

Da farko babur zuwa bakin titi. Sannan motar haya, mu huɗu a baya, buhun barkono a kan ƙafafunmu. Masara ta yi tsawo har ta rufe gefen hanya, kowa kuma ya san waɗanda ke laɓewa a irin wurin nan yanzu. Dab da Bakori na'urar ta tsala fito. Direba ya taka birki, wata mata ta kama salati. Baba ya cire ta, ya dunƙule a hannu har Funtuwa.

Mun karya da waina a tasha. Wainar ta ƙanƙance, kuɗinta kuwa ya yi ƙiba.

A ɗakin gwajin kunne na asibiti, ma'aikacin ya haɗa na'urar da kwamfuta. Ya ce sautin da take turawa cikin kunne ne ke zurarowa waje, ta sake ɗauka, ya yi ta zagaye har ya zama fito. Amma tana iya koyon hanyar da sautin ke dawowa, ta fitar da akasinsa ta kashe shi. Ya sauya robar kunne, ya daidaita. Shiru. Ya sallame mu.

Na ce, "Malam, da hula ka gwada. Da rawani yake salla."

Baba ya ciro rawanin a jaka, ya naɗa har ya rufe kunnuwa. Nan take fito ya dawo.

"Alhaji, ko za a ɗan ɗage shi daga kunne?" in ji ma'aikacin.

"Haka ubana ya naɗa," in ji Baba. "Kai gyara naka."

Ma'aikacin ya sake daidaita ta da rawanin a kan Baba. Baba ya yi ruku'u, ya yi sujada sau uku a kan tabarma. Shiru.

Mun isa gida kafin la'asar, don yanzu ba a bari yamma ta riski mutum a hanyar nan. Na koyi cewa abin da aka gyara, a gwada shi yadda mai shi zai yi amfani da shi. Ranar Juma'a da gangan na tsaya a sahun baya. Har aka yi sallama ba wanda ya yi tari.