Direban Katafila da Kududdufin Bayan Kasuwa

A garejin hukumar birni kowa Dogo yake ce masa, alhali gajere ne, mai kaurin wuya kamar turmi. Tun yana saurayi yake tuƙa katafila. Ya rushe shaguna, ya share bola, ya buɗe hanyoyi, bai taɓa komawa gida da abin a ransa ba. In matarsa ta tambaye shi yaya aiki, sai ya ce, "An ce ture, na ture."

Ana nan sai hukuma ta fito da sabon tsari, wai za a ba tsuntsaye da itatuwa da sauran halittu gurbi a cikin gari. Aka tara ma'aikata a babban ɗaki, aka haska musu hotunan lambuna a bango. Abin ya burge Dogo, har ya tafa. Aka ce za a fara da kududdufin bayan kasuwa, a mayar da shi Lambun Halittu.

Ya san wurin sarai, don gidan yayarsa na kallonsa. Gefe ɗaya bola ce mai wari, amma ɗaya gefen bado ya rufe ruwa, ga wani tsohon ɓaure da balbelu suka cika da sheƙa, ga kwaɗi, ga kififiya na shan hantsi a kan duwatsu. Ya ɗauka bolar za a kwashe.

Da injiniyan aikin ya nuna masa tulin jar ƙasa, sai Dogo ya leƙo daga saman mota.

"Ranka ya daɗe, bolar ce ko ruwan?"

"Duka. Zanen bai nuna ruwa a nan ba."

"Itacen fa?"

"A nan ƙofa za ta zauna. Yi sauri, malam."

Ya tura. Ɓauren ya yi ƙara ya kwanta, sheƙuna suka zube, 'ya'yan balbela marasa gashi suna buɗe baki a cikin taɓo. Iyayensu na kewaya sama suna kuka. Ya ci gaba da danna ƙasa cikin ruwa, kwaɗi na tsalle suna faɗawa ƙarƙashin sarƙar ƙafar katafilar. Duk rugugin injin bai hana shi jin ƙwaryar kififiya na fashewa ba, ƙas, ƙas, kamar ana taka ƙwai. Da rana ta take, wani ƙarni ya taso. Dogo ya sauko, ya dafa ƙarfen mota, ya amayar da duk abin da ya karya da shi.

Da yamma a gareji, da tsinken ƙarfe ya riƙa zaƙulo guntayen ƙwarya da hanji daga tsakanin sarƙoƙi. Ya daɗe bai iya kallon nama a kwano ba.

Aka shimfiɗa siminti, aka manna ciyawar roba a kai. Aka kawo wata ƙatuwar kififiya ta kankare, aka shafa mata koren fenti, aka girke ta a tsakiya. A jikin fitilu aka ɗaura lasifika mai kukan tsuntsaye. Ranar buɗewa manya suka zo da ƙananan shebur masu ƙyalli, aka dasa itatuwa ana ɗaukar hoto. Dogo na tsaye a baya, ya ga ko ledar ba a cire wa dashen ba. Baƙi na juya baya aka tumɓuke su, aka loda a mota, wai akwai wani bikin dashe a wata unguwa.

"Wannan itacen ya fi ni zuwa taro," in ji wani direba, aka kwashe da dariya. Dogo dai tofar da yawu ya yi.

Damina ta sauka, ruwa ya zo neman wurinsa ya tarar an rufe. Ya kwanta a ƙarƙashin ciyawar robar ya ruɓe, ragowar ya haɗe da kwata ya shige gidaje. Sauro ya yi gari, babu kwaɗin da za su rage shi. Dogo ya je gaida yayarsa, ya same ta tsamo-tsamo a tsakar gida, baƙin ruwa har ƙwauri, katifu a kan katanga.

"Sannu, Yaya."

"Riƙe sannunka." Ta miƙo masa bokiti. "Kai ka cike shi, kai za ka kwashe."

Ya naɗe wando ya shiga, ya kama kwasa.

Bayan nan ya roƙi a sauke shi daga katafila. Abokan aiki suka yi ta tsiya, wai zaki ya koma kiwon kaji. Aka ba shi tankar ruwa, ya ji daɗi, a zatonsa ban ruwan itatuwan gefen titi zai riƙa yi. Yana yi ɗin kuwa, sai dai an haɗa masa da wanke Lambun Halittu duk ƙarshen mako, don gansakuka na ɓata launin robar.

Haka yake tsayawa da tiyo a hannu, ya ɗaure hanci da ƙyalle, yana fesa ruwa mai kyau a kan ciyawar da ba ta sha, lasifikar da ta soma lalacewa tana ƙirƙir a kansa. Wata rana matarsa ta ce ya kai jikokinsu su ga lambun, tunda ana ta nuna shi a talabijin.

"Su ga me?" ya ce. "Bar su a gida, ko ƙadangaren bayan ɗaki suka kalla sun ga abu mai rai."